Hannun Hagun 'Yata

A shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, muna zaune a Samaru. Na sa 'yata a wata makarantar kuɗi ta wajen Palladan, inda 'ya'yan malaman jami'a da na baƙi 'yan ƙasashen waje ke karatu. Ni kuwa sai hura hanci nake yi a unguwa.

Tana aji biyu aka aiko mini da takarda. Wai rubutunta ba ya karantuwa, ba ta gama aikin aji, ta daina magana da kowa, kuma in ba a ga canji ba za ta maimaita aji. Ga shi kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Na ce lalaci ne, na ƙara mata da malamin lesin.

Makarantar tana da wata malama wadda aikinta shi ne zama da yaran da karatu ke ba wuya. 'Yar kudancin Kaduna ce, a Sabon Gari take zaune. Ta aiko in same ta a gida ranar Asabar, don ba ta son yarinyar ta ga an kira uwarta ofis. Da shirin faɗa na tafi.

Takardu biyu ta ajiye a gabana. Ɗaya na san ta, rubutu kamar tonon kaza. Ɗayar kuwa tsaf, har da zanen ƙofar gidanmu. Ta ce duka na 'yata ne, ta biyun da hagu ta rubuta, bayan yarinyar ta roƙi a rufe ƙofa. Sai da ta daɗe tana lallashinta kafin ta yarda a nuna mini.

"Hajiya, wa take tsoro haka?"

Tun tana 'yar shekara biyu nake buge hannun nan da bayan cokali. A gidanmu ba a ci da hagu, ba a miƙa wa babba abu da hagu, ni kuma na haɗa har da fensir, don kada a ce ban iya tarbiyya ba.

Malamar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce cin abinci da gaisuwa a bar wa dama, wannan tarbiyyar gidanmu ce, amma rubutu in taimaka in sakar mata. Har na sauka daga bas ɗin Samaru hawaye nake sharewa da gefen mayafi. Da na isa gida na sa mata fensir a hagu da kaina. Ta daɗe tana kallon fuskata kafin ta riƙe.

Ba ta maimaita ajin ba, ciwon cikin ma ya tafi. Yanzu ta girma, tana aikinta. Na taɓa neman gafararta, ta yi dariya ta ce ita ba ta ma tuna ba, kuma na yarda da gaskiyarta. Sai dai abin bai bar ni ba. Har yau in tana rubutu na yi sallama na shigo, biron yakan koma hannun dama, ita kuwa ba ta san ta yi ba.