Bot ɗin da Baba ya koya wa gaisuwa

Lokacin da nake aiki a ɗakin kwamfuta na jami'ar nan ta Wudil, idon Baba ya fara rauni. Yana gida a Darki, duba littafi ya gagare shi, gona ma sai ya je ya zauna a inuwa yana ba da umarni. Kunne ne ya rage masa, kuma kunnen nan ba ya ƙoshi. Duk ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci sai in hau babur, in kutsa ta cikin cinkoson 'yan kasuwar shanu, in je in cika masa waya da karatun wani malami da almajiransa ke ɗorawa a intanet, da shirin manoma na rediyo. Ya yi ta saurara har wata Juma'ar.

Ana nan sai na sami aiki a Gombe. Na yi murna, amma murnar ba ta kai zuci ba, domin ban san wanda zai riƙa zuba wa Baba karatunsa ba. Yayyena manoma ne, amfanin waya a wurinsu kira ne da tocila. In na tafi, tsoho zai wuni shiru a zaure, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Wata abokiyar aikina, 'yar Filato, ita ta ce in haɗa masa bot. Bot wani ɗan aike ne da ke zaune cikin manhajar hira, a jerin mutanen da kake magana da su. Ka tura masa umarni, ya je ya sauko maka da abin da ka nema. Muka yi masa rajista, aka ba mu wani dogon mabuɗi na haruffa da lambobi, ta ja mini kunne kada in nuna wa kowa. Muka nuna masa shafukan da zai riƙa ɗauko sauti. Gwajin farko ya ƙi turo komai, ashe karatun malam ya fi ƙarfin abin da zai iya ɗauka a tashi ɗaya, don shi malam in ya fara ba ya duban agogo. Sai muka saita shi ya riƙa yayyanka karatun gida-gida, ya kuma rage masa nauyi saboda sabis ɗin Darki sai an yi masa haƙuri. Na sa manyan maɓallai guda biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na noma. Na kalli aikina na ce kai, Allah ya yi mini basira.

Na kai wa Baba ina ta fankama. Na ce, "Baba, ga ɗan aike na kawo maka. Nan za ka danna, shi ke nan."

Bai danna inda na nuna ba. Ya laluba wurin saƙon murya, wanda ya saba da shi, ya gyara zama, ya ce, "Salamu alaikum. Barka da yamma. Ina gajiya? Ya hidima?"

Bot ya turo wani guntun Turanci.

"Me ya ce?"

"Ya ce bai gane ba."

"Sallamar ce bai gane ba?" Ya miƙo mini wayar. "Auta, ɗauke abinka. Ni ba na aiken wanda ban gaisa da shi ba."

Raina ya ɓaci, don na sha wahalar abin nan. Na ce, "Haba Baba, na'ura ce fa. Rediyo ma ai ba ka gaishe ta."

Ya ce, "Rediyo ita take fara yi mini sallama."

Na yi lallashi, na yi bayani, ko gezau. Ga ranar tafiyata tana ta matsowa.

Da na ba abokiyar aikina labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce kakarta ma da haka za ta yi. Sai muka cire maɓallan gaba ɗaya. Muka saita shi, duk lokacin da saƙon murya ya shigo, ya fara amsawa da gaisuwa, sannan ya turo karatun ranar da shirin noma. Gaisuwar kuwa ni na naɗa da muryata.

Baba ya saurari ta farko ya ce wannan gaisuwar direban mota ce, mai sauri ake. Na sake. Ya ce ban bar masa wurin amsawa ba. Na sake, ina yin shiru bayan kowace tambaya, kamar mai ba liman fili. Daga ƙarshe muka tsaya a kan, "Wa alaikumus salam, Baba. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya mutanen gida? Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi." Ya gwada, ya amsa kowacce a inda take, karatu ya biyo baya. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu ya zama ɗan mutane." Daɗin da na ji ranar ba ya misaltuwa.

Na tafi Gombe hankalina kwance. Kullum da hantsi sai in ga alamar Baba ya yi sallama, bot ya yi aikinsa. Babban yayanmu ya ce har tsofaffin unguwa sun fara taruwa a zauren.

Abu ɗaya ne na lura da shi a hankali: Baba ya daina kira na. Da shi ne mai kira, ko ba komai ya ji muryata. Na jira, na jira, har wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni, ni kaɗai a ɗaki, ba wanda ya leƙo. Na kira shi.

"Baba, shiru kwana biyu. Ko na yi laifi ne?"

"Laifin me, Auta? Ai mun gaisa ɗazu da safe. Ka ce mini lafiya lau kake."

Na yi dariya har kaina ya sara, sannan na ji idona ya cika. Na ce, "Haka ne, Baba. Amma mu sake gaisawa."