Don Telo, Gawar Sinimar Lucero

Da hantsi, in Don Eleuterio Zamudio, wanda muke kira Don Telo, ya gama da kofinsa da soyayyar ayaba, sai ya zauna gaban madubi ya fara mutuwa. Ya shafa garin shinkafa a fuska har bayan kunne, ya goga gawayi a ƙarƙashin ido, ya cusa auduga a hanci. Matarsa, Doña Casilda, ita ke ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle, tana ɗaurewa tana mita. Daga nan ya zura baƙar kwat, ya hau amalanken alfadari, ya miƙe cikin akwatin gawa, hannuwa a ƙirji. A jikin akwatin an manna hoton fim ɗin da Sinimar Lucero za ta nuna.

Tun kafin a haifi yawancinmu yake wannan sana'a a garin nan na bakin kogin Papaloapan. Da farko finafinan ban tsoro kawai yake wa talla. Da mai sinima ya gano gawa na cika kujeru, sai ya koma ko fim ɗin soyayya ne, Don Telo ne zai mutu masa. Yanzu ya ajiye aiki, kuma Doña Casilda na ɗauke da wani tsoro da ta faɗa min da bakinta: ranar da mijinta zai mutu da gaske, ba wanda zai yarda.

Amalanken kan bi bakin ruwa a hankali har kasuwar kifi, nan ya tsaya. Don Telo ba ya gaggawa. Sai jama'a sun yi cincirindo, sannan ya taso daga ƙugu ba tare da ya dafa komai ba, ya juya wuya sannu-sannu, ya faɗi sunan fim da lokacin farawa da wata murya kamar daga cikin rijiya. Ya koma ya kwanta.

"Telo, yau ma ka mutu?" in ji Chabela mai kifi. "In ka isa lahira ka gaida min mijina, ka ce masa har yanzu ban yafe ba!"

Wani daga cikin jama'a ya ce, "Bar Telo mana, Chabela, bawan Allah na hutawa. Matarsa ce ba ta barinsa barci a gida."

Ana ta dariya, amma ku lura, ba wanda ke matsowa kusa sosai. Ni kaina na ci abinci a gidan mutumin nan, na san shi da son wasan domino da ha'inci a ciki, amma duk sanda ya taso sai tsigar jikina ta tashi. Chabela ta rantse ta ga ƙuda ya yi yawo a kan fatar idonsa bai ko motsa ba. Karnukan garin nan da ke haushin har inuwarsu, in amalanken ya zo sai su yi tsit su bi shi a baya. Akwai ranar da ungulu ta sauko daga rufin kasuwa ta zauna a bakin akwatin, ta daɗe tana dubansa, kuma ba ta yi kama da mai shakka ba.

Ba don wannan kaɗai nake jinjina masa ba. Wata shekara kogi ya ci 'yar wani masunci mai suna Hilario. Mutanen ba su da ƙarfi, suka ari amalanke suka ɗora akwatinta, hanyar maƙabarta kuwa ta kasuwa take bi. Jama'a na hango akwati a kan amalanke suka hau fito da tafi.

"Tashi mana! Wane fim ne yau?"

Har wani ya jefa ɓawon lemo. Uwar yarinyar na tafe a baya, ta ɗago ta dube su. A lokacin ne aka ga Don Telo tsaye a shagon taba, fuskarsa a wanke, yana kallo. Kasuwar ta yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, kuma kunyar ranar har gobe ba ta sake mu ba.

Ba wanda ya zarge shi, shi ya ɗora wa kansa. Daga ranar, duk sanda aka yi rasuwa a garin nan, Don Telo ba ya kwanciya a akwatin, ko mai sinima zai yi tsalle ya dire. Yakan wanke fuska, ya riƙe hularsa a hannu, ya shiga gaban masu ɗauke da gawa, daga ƙofar coci har bakin kabari, don kowa ya gan shi a kan ƙafafunsa ya san na cikin akwatin ba wasa yake ba. Ya yi wa masu kuɗi, ya yi wa mashaya, ya yi wa baƙon da kogi ya kawo ba suna.

Kai ne, Don Telo, gawar da ke raka gawa. Kai ne ka hana sinimar nan zama ɗakin ajiyar masara lokacin da na garuruwan maƙwabta suka rufe. Ka tsorata mu don mu je mu sha kallo, sannan ka tsare wa matattunmu mutuncinsu daga dariyarmu.

A watan jiya, rana tsaka, amalanken ya tsaya a kasuwa kamar kullum. Jama'a suka taru. Don Telo bai taso ba. Doña Casilda na wurin tana cinikin kifi, ita kuwa ta san iya lokacin da yakan ɗauka. Ta yar da kwandonta, ta haye amalanken, ta kama kwat ɗinsa tana jijjigawa.

"Telo! Telo, tashi! Wayyo jama'a, ku taimake ni, jikinsa ya yi sanyi!"

Kasuwa ta ɗauki tafi.

"Kai, yau har da Casilda a ciki! Lallai fim ɗin nan ba na wasa ba ne!"

Tana kuka, ana shewa. Da ya buɗe ido daga ƙarshe, bai faɗi sunan fim ba. Duk da haka sinimar ba ta taɓa cika kamar ranar ba.

Likita ya ce zuciya ce, ya hana shi komawa akwatin. Da na je gaishe shi, na same shi a kujerar lilo, fuskarsa fara fat ba tare da garin shinkafa ba.

"Ina jin ta tana kirana," ya ce min, "amma daga can ƙetaren kogi. Na nemi hanyar dawowa, ɗana. Da can a nan kusa take. Ranar sai da na sha nema."

Mun gode, Don Telo. Allah ya ƙara maka kwanaki a wannan ƙetaren. Matasa masu tallar finafinai da lasifika a kan babur, ku koyi abu ɗaya daga wurinsa: ku san ranar da ake kashe lasifika. Mu kuma sauran mutanen gari, roƙona ƙarami ne. Wata rana Doña Casilda za ta buɗe ƙofarta ta ce mijinta ya rasu. Kada kowa ya yi murmushi, kada kowa ya tsaya jiran ya taso. Ku yarda da ita tun a faɗar farko.