Angon da Bai Kalli Amarya Ba

Har gobe ban manta da Larabar da wani ango ya zo neman hayar tsohon zauren wasannin unguwarmu, a Gwammaja. Ku sababbin ma'aikata kun san ginin: tubali ne, rufin azara a kan bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke tallafe da shi, ga zankwaye a sama, ga sanyi ko da rana tsaka. Dattawa na dara a ciki da yamma, ƙarshen mako a bayar da shi don kamu ko walima. Ni ce mai ajiye wa mutane rana. Ƙa'ida ita ce in zagaya da mai haya, sannan in kai maganarsa ga sakataren kwamiti, Malam Habu.

Mutumin ya sha shadda, yana ta ƙamshi, wata budurwa na biye da shi. Ni da na tashi da littattafan soyayya, sai na gyara tsayuwa ina jiran satar kallon nan ta masoya. Shiru. Kuma a garin nan ƙawayen amarya ke zuwa duba wurin kamu, ba ango ba.

Na ce, "Ga inda amarya ke zama, ƙarƙashin babban bakan."

Ko waiwayowa bai yi ba. Yana can jikin bangon da ke kallon titi, yana takawa a hankali, leɓɓansa na motsi.

"Malama, wannan bangon ne ke ɗauke da rufin?"

"Alhaji, a jikin bango za a yi bikin?"

Ya yi yaƙe. Na juya ga budurwar. "Amarya, yaushe ne sa lalle?"

Ta dube shi, ta ce, "Oga ne ya sani."

Suna fita na nufi wurin sakatare, na gaya masa ban yarda da angon nan ba. Ya ce, "Binta, littattafan nan sun cika miki kai."

"Malam, mai son mace ba ya auna bango tana tsaye."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Kafin mako ya zagayo ya gano mutumin yana bin wasu 'yan kwamiti gida-gida, a fasa bangon titi a fitar da shaguna. Budurwar kuwa ma'aikaciyar ofishinsa ce. In bangon nan ya tafi, bakan gizo ya bi shi. Kwamiti ya zauna, aka ƙi. Kafin damina aka sake yaɓe bangon.

Abin da na koya shi ne, mai haya ba bakinsa ake saurara ba, idonsa ake bi. Har yau in na kai wa Malam Habu sunan wani, ba ya tambayar sana'arsa. Sai ya sauke tabarau ya ce, "Binta, ya kalli amarya?"