Randar Aji Biyu

Har yau ban manta da ranar da muka kira mahaifin Bukar ba. Lokacin ina sabon malami a wata elementare ta En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙasar Haɗeja, zamanin Turawa, ana tsakiyar damina.

Kowane aji yana da randar ruwan sha, lebura ke cika ta daga kogi. Bukar, ɗan aji biyu, ya tsiri tuntsurar da tamu kowace safiya. Na yi faɗa, na sa shi kama kunne, bai daina ba. Hedimasta ya yanke masa bulala a gaban makaranta. Ƙa'idarsa ita ce ba a dukan yaro haka sai ubansa na tsaye.

Iyaye iri biyu na sani a lokacin: mai rantsuwa ɗansa bai yi ba, da mai cewa a ƙara masa. Malam Gambo, mahaifin Bukar, masunci ne daga hayin fadama, bai yi ko ɗaya ba. Ya saurari ƙarar, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ina ake ɗebo ruwan?"

Hedimasta ya ce daga mashayar gindin tsamiya.

Malam Gambo ya daɗe yana kallon randar, wadda lebura ya sake cikawa. Ya juya ga ɗansa. "A nan ma?"

Bukar ya ɗaga kai. "Da an fara karatu take kirana, Baba."

Malam Gambo ya yi mana bayani a natse. A mashayar nan yayar Bukar ta nutse bara, ba a ga gawarta ba. Tun daga nan uwarsu ta koma ɗiban ruwan rijiya, don ita ma tana jin muryar yarinyar a ruwan kogin.

"Ku buge shi, dokarku ce," in ji shi. "Amma ku bar ni in fitar da randar tukuna."

Na leƙa ciki kafin ya ɗauka. Babu wanda ya taɓa ta, amma ruwan yana motsi daga tsakiya zuwa gefe. Hedimasta ma ya gani. Ya mayar da bulalar ofis, ya ce lebura ya koma rijiyar masallaci.

Ban ce na san abin da na gani ba. Abin da na koya dai shi ne, in an kira uba kan laifin ɗansa, a bar shi ya fara tambaya. Malami abin da yaro ya yi kawai yake gani. Dalilin yana gida.