Chundung da Fitilar da ke Ganin Jini

Chundung 'yar Jos ce, maƙwabciyata a unguwar Plumstead nan ƙasar Turawa, flat ɗinta na saman nawa. Tun da mai ɗakina ta rasu ita ke leƙo ni, ita ke yi mini booking ɗin likita. A wata jami'a take aiki wajen Aldwych. Ni da na ƙarar da ƙarfina a wankin motocin bas, ban gane aikin ba sai da ta kai ni.

Akwai wani ruwan magani da ake ɗura wa mutum ta jijiya. In an haska shi da wata fitila sai ya yi ƙyalli a cikin jiki, likita ya ga hanyar jini ba tare da ya yanka ba. Amma tsoka tana watsa hasken, kamar ka nemi cokali a cikin kunu, baƙar fata kuma ta shanye wani sashensa. Chundung ce ta samo yadda kyamara za ta gyara hoton gwargwadon duhun fatar mutum. Da ta nemi baƙaƙen tsofaffi don gwaji, na miƙa hannuna, na ga jijiyoyina kore shar a allo. Ta ce ashe Baba Masawudu da sauran jini, na ce duk shayi ne. Har yau ina gode mata, don ban zaci jikin nan zai sake amfanar kowa ba.

Jami'ar ta yi wa dabarar rajistar mallaka da sunan Chundung, ɓangare biyu: na fitilar da na gyaran hoton. Sai wani kamfani ya kai ƙara a soke, wai abu ne a fili, duk ɗan sana'ar zai gano shi. Wannan "a fili" ɗin ya fi komai ƙona mata rai. Ta rame, ta daina zuwa waƙa a coci.

Na tambaye ta, in a fili yake, me ya hana su gani tun da?

Ta ce, "Baba, abin da lauyanmu ya faɗa ke nan, sai dai shi da rigar kotu."

Shari'ar ta ja. Ni dai addu'a na iya, ita na riƙe.

Daga ƙarshe alƙali ya soke ɓangaren fitilar, ya ce an san shi da ma, ya bar na gyaran hoton. A bakin ƙofata ta gaya mini, ko jaka ba ta ajiye ba. Na yi hamdala.

Ta ce, "Rabi ne fa, Baba."

Na ce, "'Yata, rabin da ya tsaya ai shi ne naki."

Sai ta ce haka ne.