Dubiyar da Ta Tara 'Yan Injin Shinkafa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da muka je dubiya gidan wani abokin aikina a Gummi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da mu kanmu.

Lokacin ina aiki a wani injin casar shinkafa da ke kan hanyar fadama. Na taɓa yin aikin kamfani a Gusau, na ga yadda ƙungiyar ƙwadago ke sa a saurari ma'aikaci, don haka na ɗaura aniyar sai mun kafa reshe a wurinmu. Dalilina a fili yake. Babban bel ɗin injin ba shi da murfi, yana ta juyawa daidai inda mutum ke sunkuyawa ya kwashe ɓuntu. Mai tsayawa wurin shi ne abokin nan nawa, magidanci mutumin Adabka, wanda ya dawo garin da iyalinsa da mahaifiyarsa. Ya yi wa manaja magana har ya gaji, kullum amsar ita ce mai walda yana nan tafe.

Na shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin haushin, babu wanda ya ce mini a'a. Da sun ce, da na huta. Kowa sai ya gyaɗa kai ya ce shawara ta yi, Allah ya sa albarka. 'Yan dako suka ce in masu tayar da inji sun shiga, su ma sun shiga. Masu tayar da inji suka ce a fara jin ta bakin 'yan shanya. 'Yan shanya suka tura ni wurin dattijon da ke awo, shi kuwa ya ja ni gefe ya ce Alhaji mai injin ne ya ba shi ragon sunan autarsa, da wane ido zai kalle shi? Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ƙungiya ba faɗa da Alhaji ba ce, magana ce da baki ɗaya. Ya ce ya gane sarai, in je in fara, yana bayana.

Sai na sa ranar taro. Na aro tabarmi na shimfiɗa a gindin dogon yaro bayan la'asar. Mu biyu muka zauna, ni da mutumin Adabka. Wani ya leƙo, ya ga babu jama'a, ya ce buta yake nema. Kashegari wannan ya ce babur ɗinsa ne ya lalace, wancan ya ce ban ruwa ya riƙe shi a fadama. Na sake kira ban san iyaka ba, har aka laƙaba mini suna shugaban tabarma.

Wata safiya bel ɗin ya kama hannun rigar abokin nan nawa. Kafin a kashe inji aikin gama ya gama. A asibiti aka ceci ransa, amma hannun dama sai guntu. Ranar da aka sallamo shi, manaja ya aika masa da buhun shinkafa, tare da saƙon cewa an ɗauki wani a madadinsa.

Ban gayyaci kowa ba, don na riga na yi zuciya. Amma da na isa gidan da yamma, sai na tarar babu wurin ajiye takalmi. 'Yan dako, 'yan shanya, masu inji, dattijon awo, har mai neman buta, duk suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Dubiya ai ba a kiran mutum. Na tsaya ina kallonsu.

Mahaifiyarsa ce ta fito da ruwa a kwano. Ta ajiye, ta bi mu da kallo a hankali, kamar mai duba hatsi a kasuwa.

"Ashe kuna da yawa haka, ɗiyana?" in ji ta. "Shi ko ya ce min su biyu na. To ina kunka shiga ranar da yac ce a ruhe abin nan?"

Wani ya ce, "Ƙaddara ce, Inna."

"Na san ƙaddara tun ba a haihe ka ba," ta ce. "Ku sha ruwa."

Babu wanda ya iya taɓa kwanon. Dattijon awo ya cire hularsa ya mayar, sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko har yanzu ana shiga ƙungiyar nan. Na so in faɗa masa baƙar magana, Allah ya taimake ni na ce ana shiga.

Da gari ya waye babu wanda ya tayar da inji. Muka tsaya a ƙofa gaba ɗayanmu har Alhaji ya iso, kuma dattijon nan mai jin kunyar rago shi ya fara magana, cikin ladabi, ba hayaniya. Alhaji ya saurara, ya ce a mayar da abokina aiki ya riƙa kula da ƙofa. Mai waldan da aka shekara ana cewa yana tafe, kafin azahar ya zo ya gama murfin ya tafi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Reshenmu yana nan har yau, abokina kuma yana bakin ƙofa. Duk safiya da hagu yake miƙo mini hannu, kuma bai taɓa fasa cewa in yi haƙuri da hagun ba. Abin da na koya shi ne mun iya taruwa, kawai mun saba sai an ji wa ɗayanmu ciwo. Shi ya sa duk sabon ma'aikacin da ya ce mini zai yi tunani, ba na ja da shi. Nakan ce ya je bakin ƙofa ya gaisa da mai gadi tukuna.