Gauraka Biyu a Fadamar Kawu

Kukansu na fara ji, kamar ana busa ƙaho daga cikin ruwa. Kawu ya tsayar da kwalekwale, ya ɗora yatsa a baki. Lokacin ina aji huɗu a sakandare, tun muna cikin Jihar Sakkwato, na zo Argungu hutun damina da kyamarar da Baba ya ara mini.

Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, rana kuma tana gab da faɗuwa, haskenta ya kwanta a kan shinkafa. Gauraka biyu na tsaye a gindin wata giginya mai karkataccen wuya, tukkunsu yana ci kamar fitila. A ƙarƙashinsu akwai sheƙa.

"Ɗauki maza, 'yar boko," in ji Kawu a hankali. "Amma wurin ga, daga ni sai ke. Masu tarko na biɗarsu, su kai gidajen manya a yanke musu fiffike."

"Wa zan gaya wa, Kawu?"

"Bakinki bai dame ni ba. Akwatin ga naki ne ban yarda da shi ba."

Na yi dariya, na danna.

Da na koma Birnin Kebbi na kai fim ɗin wurin wani mai wankin hoto a bakin kasuwa. Ya daɗe yana duban hoton, ya ce bai taɓa ganin ɗalibar da ta kama haske haka ba. Ya roƙi in bar shi ya ƙara masa girma, ya sa a gilashin shagonsa. Na tuna da Kawu, amma yabon ya yi mini daɗi, na ce to. Sau da yawa nakan taka daga unguwarmu Badariya don kawai in tsaya can gefe, in ga mutane suna kallonsa.

Da damina ta zagayo muka koma fadamar, ba gauraka. Na tambayi Kawu.

"Mai fiffike ne, ɗiyata, ina zai zauna?" Ya juya kwalekwalen.

Sai bayan rasuwarsa, ina da 'ya'ya uku, matarsa ta gaya mini muna tsintar shinkafa. Wani mai tarko ne ya ga hoton, ya gane giginyar, ya kwashe iyayen har da 'yan tsakinsu. Kawu ya je Birnin Kebbi da ƙafarsa, ya tsaya gaban gilashin, ya dawo ya ce mata kada kowa ya faɗa mini.